Hotunan ƙasarmu a hannun baƙi: me ya hana mu ɗauka da kanmu?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma ina son manya su sa baki. Kwanan nan na duƙufa kallon aikin masu yawon duniya da kamara. Wannan ya je Serengeti a Tanzaniya ya ɗauko dubban namun daji da jakunan dawa suna ƙetare kogin Mara, wancan ya hau tsaunukan Nepal, wani yana cikin kasuwar Marrakesh a Maroko. To abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in na nemi hotunan Nijar, masu kyan suna nan birjik: Bororo a bikin Gerewol, ayarin gishiri na Bilma, hasumiyar masallacin Agadas, raƙuman dawa na Kure. Amma duba sunan mai hoton, ko Bafaranshe, ko Bajamushe, ko Ba'amurke. Na Damagaram kuwa kusan hoto guda ake ta juyawa, ƙofar fada da dogarai.

Ina son in shiga wannan harka da gaske. Waya kawai gare ni. Wani abokina ya ce in sayar da babur ɗin da nake kabu-kabu da shi in sayi babbar kamara. Ga hoton da na ɗauka ranar Alhamis a kasuwar Dole, wata tsohuwa mai sayar da tabarmi tana ƙirga canji, ba ta ma san na ɗauka ba. Ku faɗa mini gaskiya, akwai alamar hannu ko in koma kan babur ɗina?

Bakano Mazaunin Zongo:
Damagarawa za su fara yawon duniya, Allah Ya kyauta. Rabonku da tafiya mai nisa tun da Kuran Daga ya je Kano ya dawo. Hoton dai ya yi kyau, ba zan ci amana ba.

Baba Mai Situdiyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayar da babur. Shi ne zai kai ka wurin hoton, kamara ba ta da ƙafa.

Akwai hannu, amma ba ka san rana ba tukuna. Ka ɗauki hoton nan wajen sha biyu, ko? Dubi idanunta, sun shige inuwa, ga tabarmin sun yi fari fat har saƙar ba ta fita. Daga ƙarfe goma zuwa bayan azahar rana tana bisa kai, duk abin da ka ɗauka a fili haka zai zama, ko kamararka ta miliyan ce. Mu a zamaninmu fim ɗaya hoto 36 yake ci, in ya ƙare ka sayi wani, sannan ka biya kuɗin wanki. Shi ya sa kafin mu danna sai mun tsaya mun duba ta ina haske ya fito. Ku kuna danna ɗari ku zaɓi guda, idon bai koyi komai ba.

Ga aikin da zan ba ka, ba ya cin ko dala. Unguwarku ce. Ka zaɓi gida ɗaya cikin tsofaffin gidajen Birni masu zane a fuska, ka ɗauke shi da hantsi, ka ɗauke shi da tsakar rana, ka ɗauke shi bayan la'asar sakaliya. Ka jera su ka kalla. Za ka ga lokacin da rana ta bugo bangon daga gefe, kowane layin da magini ya fitar yana tafe da inuwarsa, zankwaye su tsaya cak. Da tsakar rana kuwa bangon laka ne kawai. Haka duwatsun nan da ke cikin Birni, wanda bai gan su gab da magariba ba bai san launinsu ba.

Abu biyu kuma. Hazon hunturu da kuke zagi yana kashe shuɗin sama, gaskiya ne, amma ba lokacin da fuskar mutum take fita lumui kamar sa, rana ta koma farin faifai har kana iya kallonta. Sannan in mutum baƙi ne ya sa farar shadda, waya rigar take aunawa, fuska ta tafi duhu. Ka taɓa fuskar a kan gilashin wayar, ka ɗan ja hasken sama, ko ka roƙe shi ya matsa bakin zaure.

Hajiyar Sabon Gari:
Baba ya yi maganar rana, ni maganar tsohuwar zan yi. Ɗana, da bakinka ka ce ba ta san ka ɗauka ba, kuma kana faɗa kamar abin yabo. Yanzu ga ta a wayar mutane da ba ta sani ba, ɗankwalinta ya zame, kuɗinta a hannu. In mahaifiyarka ce wani yaro ya yi wa haka a Dole, me za ka ce? Ƙila tana da ƴaƴa a Libiya ko Legas da ba sa son a san tana zaman kasuwa. Kai ba ka sani ba, ba ka kuma tambaya ba.

Ɗan Birni:
Hajiya, Allah Ya ba ki haƙuri. Amma in na tambaya sai ta gyara ɗankwali, ta miƙe zaune, ta ƙura wa waya ido kamar hoton katin ɗan ƙasa. Shi ke nan abin da na gani ya tafi. Duk manyan masu hoton titi na duniya haka suke yi, ba sa tambaya.

Hajiyar Sabon Gari:
To ka ɗauka, ka je ka gaishe ta, ka nuna mata. In ta yi dariya ka samu, in ta ɓata rai ka goge a gabanta. Ina wahala a nan?

Mushe na Mirya:
Ɗan Birni, maganar manyan duniya da ka kawo tana da baya. Akwai hoton wata yarinya ƴar Afghanistan mai koren ido da Steve McCurry ya ɗauka a sansanin ƴan gudun hijira a Pakistan a 1984, ya fito a bangon mujallar National Geographic a watan Yunin 1985. Da wuya a sami hoton fuska da ya kai shi yawo a duniya. Shekara 17 ba wanda ya san sunanta, sai a 2002 aka je aka nemo ta, kuma ita ba ta san fuskarta ta zagaye duniya ba. Mai hoto ya yi suna, mai fuska tana can cikin wahalarta.

Sai na Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, a kudancin Sudan a 1993: yaro ya durƙushe don yunwa, ungulu na tsaye bayansa. Ya ci kyautar Pulitzer a 1994, mutane suka yi ta tambayarsa me ya yi wa yaron, cikin shekarar ya kashe kansa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Wanda ya yi wayo a 2005 ya tuna yadda ƴan jarida suka cika Maraɗi da Damagaram lokacin yunwa. Ba na musun hotunan sun jawo taimako, sun jawo. Amma iyayen yaran nan da aka ɗauka a wuraren ciyarwa, wa ya san sunan ko guda? Yaran yau magidanta ne, hotunansu na nan a intanet da haƙarƙari waje. Kuma har gobe akwai waɗanda in an ce Nijar wannan hoton ne yake zo masu.

Alhaji Tsohon Direba:
Mushe, kun fara jibgar Turawa, bari wanda ya ɗauke su a mota ya yi magana. Na yi aikin kai masu yawon buɗe ido Ayar da Tenere tun lokacin da jirgi yake tasowa daga Faransa ya sauka Agadas kai tsaye da sanyi, kafin tawayen 2007 ya kashe kasuwar. Iri biyu ne. Akwai masu sauka daga mota su harba kamara a fuskar mutum ko sallama babu, su koma su ce mu tafi. Waɗannan ni ma kunyarsu nake ji. Amma masu sana'ar da gaske, wallahi sun fi mu haƙuri. Na kai wani bakin wata rijiya a arewacin Ingal, muka sauka kusa da Bororo, kwana da kwanaki kamararsa tana cikin jaka. Yana shan shayi da su, yana taya su jan guga, har yara suka daina bin sa. Ranar da ya fito da ita ba wanda ya ɗaga kai. Wane ɗan Damagaram ne zai bar gidansa ya je ya kwana a tabarma cikin sauro da ƙudan shanu don hoto? Mu Gerewol a waya muke kallonsa, alhali Ingal na nan, kowace shekara wajen Satumba ake taron shan gishiri.

Kuma hoton baƙo ya yi mana rana. Bishiyar Tenere, ƙaya guda ɗaya tal da ke tsaye cikin rairayi ayari na gane hanya da ita, wani direba ya banke ta a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. In ba don hotunan da baƙi suka ɗauka ba, da wa zai san kamarta tana da rai?

Abin da ba na so nasu shi ne shiri. Sai a biya madugu ya koma da raƙuma baya ya sake bin ƙoƙuwar tudun rairayi saboda rana ba ta yi daidai ba. A ce wa Buzu ya cire agogo, ya ɓoye takalmin roba, a janye jarkar ruwa daga gefen tanti. Ni da hannuna na sha ɗauke jarka.

Ƴar Jami'a:
Alhaji, wannan jarkar ita ce dukan maganar. Suna zuwa da hoton da suke so a ka, sai su share duk abin da bai yi kama da shi ba. Makiyayi da waya da farantin sola a kan jaki ai shi ne gaskiyar yau, amma ba ya sayuwa a can, don suna son mu tsaya yadda kakanninsu suka bar mu.

Yaya Ɗan Birni, ni a wajen shimfiɗar ƙasa zan ba ka shawara, tunda shi nake karanta. Kowa Tenere, kowa rairayi. Ka hau babur ɗinka ka bi hanyar Matamaye zuwa Magarya da rani, ka dubi gonaki. Gawo ne ko'ina, kore shar lokacin da komai ya bushe, in damina ta zo kuma ya kaɗe ganye ya bar wa hatsi rana. Ba gwamnati ta dasa su ba, manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa a gona tun bayan farin shekarun 1980. Duniya ba ta yarda da girman abin ba sai da masana suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgi a 1975 suka gwada da na tauraron ɗan adam na bayan 2000, suka ga ƙauye guda, wuri guda, itatuwa sun ninka. Ana maganar kadada miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma Mirya da Magarya da Matamaye suna cikin inda abin ya fi yawa. Hoto ne ya tabbatar da shi. Amma daga ƙasa, da manomin tsaye da gatarinsa yana sassabe, da awaki suna cin ƴaƴan gawo, wa ya bi shi shekara guda yana ɗauka? Baƙo ba zai iya ba, bizarsa za ta ƙare. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Bakano Mazaunin Zongo:
Wato a bar zaki a je a ɗauki hoton gawo. Wa zai danna maka so a kan bishiya?

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Tunda an ambaci zaki bari in shigo. Zaki a Nijar sai gandun W can iyakar Benin da Burkina, kuma ba wurin zuwa ba ne a halin da ake ciki. Amma jihar nan tamu tana da abin da Kenya ba ta da shi.

Termit da Tin Tumma, arewa da Tasker, an ayyana shi gandu a 2012, faɗinsa a lokacin wajen murabba'in kilomita 97,000, yana cikin mafi girma a Afirka. Can ne mafakar ƙarshe ta addax, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da ke iya daɗewa ba ta sha ruwa ba. A 2016 aka yi ƙidaya ta sama da ta ƙasa, uku kacal aka gani. Uku. Aikin neman man fetur ya shiga yankin da motoci da masu bindiga, farauta ta ƙaru. Can kuma akwai ragowar mena, irin barewar nan da ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ta ci sunanta. Muna cika filin ƙwallo muna ihun Mena, amma a cikinmu nan wa ya taɓa ganin ta da idonsa? A Kelle, cikin duwatsun Kutus na ƙasar Gure, akwai wurin da ake kiwon jiminar Sahara mai jan wuya don a maido da ita daji, bayan ta ƙare a Ayar. Wannan kusa ne, ana iya neman izini a je.

Raƙuman dawa kuwa labarinsu mai daɗi ne. A 1996 guda 49 suka rage a Kure, su ne na ƙarshe na irinsu a duk Afirka ta Yamma. Aka tsare su, suka haura 600. A 2018 aka kwashi 8 a mota aka kai Gadabeji ta jihar Maraɗi, wato sun matso kusa da mu. Ba a cikin shinge suke ba a Kure, cikin gonakin mutane suke yawo, har suna cin waken manoma, wannan ma rigima ce da ba ta fitowa a hoto.

To ga gargaɗina, ɗana. Mai kamara yana iya kashe dabba ba da harsashi ba. Wanda ya bi barewa da mota cikin zafi don ya same ta tana gudu, ko ya tafi ta tsira a idonsa, zuciyarta na iya bugawa bayan ya wuce. Wanda ya matsa wa tsuntsuwa har ta tashi daga kan ƙwai, rana ta dafa su kafin ta dawo. Mafi muni, wayoyin nan suna liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi. Ka sa hoton tuje ko barewa a Facebook da sunan kwarin da ka gan su, ka yi wa mafarauci jagora kyauta. Ka kashe wannan a wayarka, in an tambaye ka ina ne ka ce daji.

Ɗan Birni:
Kawu, na ji. Amma in ba zan matsa kusa ba, da waya me zan samu? In na ja zum hoton sai ya farfashe.

Baba Mai Situdiyo:
Zai farfashe mana, don mafi yawan wayoyi yanka hoton suke su buɗa shi, ba jawo abin suke ba. A nan kam kuɗi na magana, ba zan ruɗe ka ba. Tsuntsu da naman daji suna son dogon gilashi, milimita 300 zuwa 400 ko fiye, kuma in abin yana motsi saurin ƙyaftawar kamara ya kai 1/1000 na daƙiƙa. Amma ba sabuwa dole ba. Tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu da gilashin 70-300 ta ishe ka shekaru. Ka tara a hankali.

In ka samu, abokin gabanka ƙura ce. Kada ka kuskura ka canza gilashi a fili da hunturu, ƙura za ta zauna a cikin kamarar, kowane hoto ka ga ɗigo a sama. Ka shiga ɗaki ko ka sa hannu cikin leda. Kada ka goge gilashi da bakin riga, yashi ne, zai karce shi. Kada ka bar ta cikin akwatin babur a rana.

Kafin nan akwai dabbar da ba ta gudun mutum. Shamuwa za ta zo gab da damina ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gari, ba mai taɓa ta. Balbela na bin shanu. Ka je tafkin Gidimuni da sanyi, tsuntsayen da suka ƙetaro hamada daga Turai suna sauka a irin waɗannan ruwaye. Kasuwar dabbobi cike take da raƙuma. Ka koyi zama shiru a kan waɗannan.

Malam na Garin Malam:
Assalamu alaikum. Kan hukuncin hoton kamara shi kansa malamai sun yi saɓani, ba zan buɗe wannan a nan ba. Amma abin da Hajiya ta faɗa ba saɓani a cikinsa. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur aya ta 27 ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Yaran da ke hawa duwatsun Birni suna ɗaukar gari daga sama su sani, tsakar gidajen mutane suke leƙawa, mata na aikinsu ba lulluɓi. Haka almajirai. Kowane baƙo sai ya ɗauki yaro da robar bara, ba ya zuwa da asuba ya gan shi da allo a bakin wuta. In za ka ɗauki almajiri ka nemi malaminsa tukuna.

Alhaji Tsohon Direba:
Allah Ya gafarta Malam, izini a bakin talaka ai kuɗi ne. Ni abin da na sani, ka ɗauki mutum ka ba shi ɗan wani abu. Kai za ka ci riba da fuskarsa, shi ya tashi a banza?

Ƴar Jami'a:
Alhaji, da girmanka, wannan ne ya lalata wurare da yawa. Yanzu yaro ya ga farin mutum sai kado, kado, wato a ba shi kyauta. Wanda aka saba biya kuma shi ne zai cire agogon da kansa tun ba a ce ba, don ya san abin da ake saye.

Alhaji Tsohon Direba:
Ƴata, ke kina da abincin dare. Matar da ta tsaya minti goma a rana da tulu a ka saboda wani ya sami hotonsa, aiki ta yi. Hoton zai shiga littafi a Paris a sayar da shi kuɗin da ba ta taɓa riƙewa ba. Dala ɗari ta yi yawa?

Hajiyar Sabon Gari:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, sai dai baƙo kuke magana a kai. Shi yaron nan ɗan gari ne, gobe ma zai wuce ta gaban mutanen da ya ɗauka. Ya sayi abin da suke sayarwa. Ya wanke hoton ya kai masu, wallahi akwai tsofaffin da ba su da hoton kansu sai na katin zaɓe. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ma ba Bature ba ne, namu ne. A bikin ƴar ƙanwata wani yaro da ba wanda ya gayyace shi ya ɗauki mata suna rawa a cikin gida, kafin magariba yana TikTok da waƙa a kai. Aure ɗaya saura ƙiris ya mutu a kan wannan.

Mushe na Mirya:
Wani gefen da ba a taɓo ba shi ne ƙarya a hoton dabba. Babbar gasar hoton namun daji ta gidan tarihin halittu na Landan ta taɓa ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya a 2009, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na kiwo ne, ba na daji ba. A 2018 suka sake soke wata, ta dabbar nan mai cin tururuwa ta Brazil, don an gano gawa ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. In a can ana yi, ina ga nan da ba mai bincike? Kwanaki aka yi ta yawo da hoton tudun rairayi ja wur an rubuta Tenere, alhali duk wanda ya san wurin ya san na Namibiya ne. Yanzu kuma ga na'ura tana ƙera hoton da ba a taɓa ɗauka ba. Ƙara haske da rage shi gyara ne, Baba ma ya yi a ɗakin wanki. Amma ka ɗauko raƙumi daga wani hoto ka dasa, wannan zane ne, ka rubuta cewa zane ne.

Baba Mai Situdiyo:
Na yi kam, har ƙurajen fuska mun goge wa amare da fensir.

Ɗan Birni, ka ce duk sunayen na Turawa ne. Ka nemi Malick Sidibé da Seydou Keïta na Bamako. Keïta a tsakar gidansa ya yi yawancin aikinsa, da zane a rataye a baya. Sidibé samarin garinsu ya bi, wuraren rawa da bakin kogi, a 2007 aka ba shi babbar kyautar baje kolin Venis ta aikin rayuwa. A Yamai ma an yi Philippe Koudjina da ya ɗauki daren birnin bayan samun ƴancin kai. Bamako na da taron masu hoton Afirka tun 1994. Ba wanda ya je Nepal a cikinsu kafin a san shi. Mu nan Damagaram ta riƙe babban birnin ƙasa har 1926, muna da hawan salla, da hawan ƙaho na mahauta, da wasan kara, da majema, da maƙera. Ni kaina na zubar da buhunan fim da zafi da gara suka cinye, da bukukuwan rabin garin nan a ciki.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Kafin wani ya ɗauki zancena ya kama hanyar Tasker shi kaɗai: ba a shiga Termit sai da izinin hukuma da ɗan jagora da mota mai ƙarfi, ba wurin babur ba ne. Kure ma tun harin 9 ga Agustan 2020, da aka kashe Faransawa shida da direbansu da shugaban ƴan jagora, abubuwa ba su koma yadda suke ba. Kuma a halin yanzu kada ka ɗaga waya kusa da bariki, ko shingen jami'an tsaro, ko filin jirgi, ko matatar mai. Ƙaramin jirgin nan mai kamara kuwa kada ka tashe shi ba takarda, za ka yi bayanin da ba ka shirya ba.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, iyayena. Babur na nan. Kawu, Kelle fa, izinin a Gure ake nema ko tun daga nan? Kuma Baba, in na sami ta hannu me zan duba kada a sayar mini da gawa?

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Ka fara da ofishin kula da muhalli na nan, su za su haɗa ka da na can. Ka bari sai bayan damina, hanyar ta fi kyau.

Baba Mai Situdiyo:
Ka sa a duba maka sau nawa aka danna ta, kamara tana ajiye lissafin. Ka cire gilashin ka haska shi da tocila, in ka ga wani abu kamar zare-zare a ciki ka ajiye masu kayansu. Ka ɗauki farin bango ka buɗa hoton ka nemi ɗigo. Batir kuma ka ƙaddara sabo za ka saya, biyu ma, tunda kuran ɗinmu ba shi da alkawari. Ka kawo mini ita shago kafin ka biya.

Bakano Mazaunin Zongo:
In Kano za a sayo ni zan raka shi, kada a gane Badamagare ne a ninka masa kuɗi. Amma da Naira za a yi ciniki, ya canza sefarsa tun a nan.

Alhaji Tsohon Direba:
Ƴar Jami'a ba ta ba ni amsar dala ɗarina ba har yanzu.

Ƴar Jami'a:
Ina aji, Alhaji. In na fito zan ba ka, kuma ba za ta yi maka daɗi ba.